Ruwan shafa fuska na tsimammiyar ciyawar teku, bayan sati shida

'Yan uwa masu tambayata ɗan ruwan nan na Koriya da nake shafawa, to ga bayani. Ƙanwata ce ta kawo min tsaraba, 'yar kwalba ce ƙarama mai abin ɗigawa. Ciyawar teku ce, irin doguwar nan mai ruwan ƙasa, ake tsima ta da irin ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo, sai a tace ruwan. Mutanen Koriya ta Kudu dama noman ta suke yi a cikin teku, musamman wajen tsibirin Wando, har miyarta suke ba mai jego. Shi ma man shafawar nan La Mer mai tsadar gaske da ita ya yi suna.

Ni dai da hunturu na fara, lokacin da gefen hancina ke sāɓa kamar garin rogo, in na shafa hoda sai ta dinga tsagewa a kumatu wallahi har kunyar fita biki nake. Ɗigo uku nake sawa bayan alwalar isha tun fuskar da sauran lema, yana da ɗan yauƙi kamar ruwan kuɓewa amma minti biyu ya shige, ba maiƙo ba danƙo. Wajen kwana goma sāɓar ta tsaya, kuma abin da ya fi faranta min shi ne da asuba in na wanke fuska ba na jin fatar nan ta ɗaure tamau. Wannan yauƙin nata shi ke riƙe ruwa a fata, aikin kenan.

Amma fa shi kaɗai ba ya iya wa iskar Kano, ranar da na shafa ban bi da komai ba kafin azahar na bushe ƙayau, dole sai na ɗora man kaɗanya kaɗan a kai. Akwai ɗan ƙarni kuma in an buɗe, mai juna biyu ƙila ya dame ta.

Don Allah masu sayarwa ku daina ce wa mutane yana sa haske, baƙin tabon ƙurajen da ke haɓata yana nan inda yake, kalata ma ba ta canja ba, kuma ni hakan nake so. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta fara gwadawa a bayan kunne ta kwana biyu tukuna. Tawa kwalbar saura kaɗan, na riga na ce a sake taho min da wata kafin sanyi ya dawo.