Naira 420,000 a kan katin girafik na bogi: 'yan Kaduna, ku kula da mai tallar RTX 4060

Naira 420,000 aka raba ni da su a cikin garin nan, da rana tsaka, ina tsaye da idona biyu. Ina rubutun nan ne raina a ɓace, don haka wanda ya ga wata magana ta riga wata ya yi haƙuri. Naira 420,000. Kuɗin haɗa bidiyon biki ne da nake tarawa tun bayan ƙaramar sallah, da adashin da na kwasa, da 60,000 da na ranta wajen yayata da alƙawarin zan mayar mata kafin yara su koma makaranta. Abin da aka miƙo mini kuwa, tsohon katin girafik ne (katin da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta) na 2016 da aka sa wa sabuwar riga.

Masu cewa "ai kai ma ka so banza", ku dakata tukuna. Ba yau na fara taɓa kwamfuta ba. Wadda nake aiki da ita ni na haɗa ta da hannuna, tun daga madabod har fanka. Kuma ban tashi da safe na ruga sayen kati ba, sai da na zauna na yi lissafi. RTX 5060 ya fito a watan Mayun 2025 a kan dala 299, da ma'adana 8GB. RTX 4060 da ya fito tun Yunin 2023 shi ma dala 299 aka sa masa, shi ma 8GB. Sabon ya fi sauri, ban musa ba, amma yana jan wat 145, tsohon kuma wat 115. Wanda ke zaune a Tudun Wada yana lallaɓa inbata da batiri biyu ya san wat 30 ba abin wasa ba ne. RTX 3060 mai 12GB ya burge ni saboda aikin bidiyo, sai dai shi wat 170 yake sha. 5060 Ti mai 16GB, wanda a ganina shi ne sabon da ya cancanci kuɗinsa, dala 429 aka sa masa a can da ya fito, kafin ya bi ta Legas ya iso Kaduna kuwa sai dai ka yi masa kallo. Ni da allona 1080p ne, wasana bai wuce FC da GTA ba, me zan yi da sabon yayi mai 8GB a kan kuɗi mai yawa? Shi ya sa na tsaya a kan 4060. Har gobe lissafina daidai ne. Kati ne aka ba ni na ƙarya.

Kuma farashin ba na banza ba ne. Wannan ita ce maganar da nake so mutane su gane. Da mai tallar ya ce mini 150,000 da ko amsa ba zan ba shi ba. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, ka buga 299 ka gani, kusan 450,000 ke nan tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Shi ya fara da 470,000, ya ce an buɗe kwalin amma ba a yi aiki da shi ba, wai wani yaron Alhaji ne a Unguwar Rimi ya yi oda, yana isowa ya ji 5060 ya fito, ya ce ba ya so. Wane ne bai san irin yaran nan ba? Muka yi ciniki kamar kowane ciniki, ya sauko 440,000, na ce 400,000, ya ce wallahi faɗuwa zai yi, muka tsaya a 420,000. Har wani ɓata rai ya yi, kamar ni ne na cuce shi.

A Facebook na ga tallar, daga nan muka koma WhatsApp. Duk hirar tana nan, ban goge ko harafi ɗaya ba, zan sa hotunanta. Da muryarsa ma, don ya fi son tura saƙon murya. "Oga, ka zo ka gwada da kanka, ni ba na cinikin nesa. Haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne." Haka ya ce. Haƙƙin mutum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sallar la'asar. Muna cikin shagon, wani ɗan lungu ne a bayan Ahmadu Bello Way inda masu gyaran waya suke, aka kira salla. Ya zare katin daga kwamfutarsa, ya mayar cikin ledarsa, ya sa a kwali, ya miƙo mini. Ya ce, "Oga riƙe, bari in yi alwala, ka same ni a masallaci." Ko sisi ban ba shi ba a lokacin. Ya bar mini kayan da ya ce na 470,000 ne a hannu, ya juya baya ya tafi da butarsa. Ku gaya mini, don Allah, wa zai ga wannan ya yi zargi? Na bi shi da kwalin a hammata, muka yi sahu ɗaya, kafaɗata tana gugar tasa. Da aka sallame ya miƙo mini hannu. Ina ta juya wannan a raina har barci ya gagare ni. Ashe ya san abin da ya bar mini a hannu ko na gudu da shi ba asarar kirki ya yi ba. Ni kuwa a can cikin sahu ina cewa a raina, kai, har yanzu akwai mutanen kirki a kasuwa.

Na tsallake labarin gwajin. Kafin sallar ne aka yi gwaji, kuma na gwada, kada wani ya ce ban gwada ba. Ya sa katin a tasa kwamfutar a gabana, ya kunna, fankoki biyu suka juya shiru. Ya buɗe Device Manager, ga suna ɓaro-ɓaro: NVIDIA GeForce RTX 4060. Ya buɗe Task Manager, ya ɗora yatsa a kan allo, ya ce, "Ga 8GB ɗinka nan." Na duba, na ga 8.0. Da idona na gani. Sai daga baya abokina mai gyara ya nuna mini cewa layi biyu ne a wurin, ɗaya ma'adanar katin ce ta kansa, ɗayan kuma wadda Windows ke ara daga RAM, kuma rabin RAM ɗin take nunawa. Kwamfutarsa 16GB gare ta, rabi 8 ke nan. Layin aro ya nuna mini, tafin hannunsa kuma yana kan na gaskiyar. Daƙiƙa nawa aka yi? Ya rufe, ya buɗe GTA V, mota tana gudu sumul. To GTA V tun 2015 yake kan kwamfuta, wane kati ne ba zai ja shi ba? Na ce a sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati. Ni na faɗa, da bakina. Ya ce babu intanet a kan kwamfutar, ya ciro wayarsa ya ɗaga sama yana neman sabis, ya yi tsaki, ya ce layin nan ya dame shi tun safe. Ana cikin haka ladan ya ɗaga murya.

Bayan salla na yi masa tiransifa. 420,000, a tsaye a bakin masallaci. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, na kuma tambaya. Ya ce na matarsa ne, nasa yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Rabin 'yan kasuwar garin nan haka suke cewa, kuma gaskiya suke faɗa. Alat ya shiga, ya ce, "Allah ya sa albarka, Oga. In ka ga ko ƙwarzane ne ka dawo da shi, shagon nan kullum ina ciki." Har rasit ya rubuta mini, da hatimi. Zan sa hoton rasit ɗin ku ga hatimin, sunan shagon da ke jiki babu shi a duk layin.

Na isa gida babu wuta, batiri kuma ya yi ƙasa, sai washegari na samu na sa shi. Ƙanena yana tsaye a kaina yana murna, har ya kira abokansa. Na sauke direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, daga shafin kamfanin, na girka, kwamfuta ta sake tashi. GeForce GTX 1060 3GB. Na ce kuskure ne. Na goge, na sake girkawa. GTX 1060 3GB. Na buɗe GPU-Z, wanda da ma yana kan tawa kwamfutar: sunan cif GP106, ƙwayoyin aiki 1152, ma'adana 3072MB. RTX 4060 na gaske AD107 ne, ƙwayoyinsa 3072, ma'adana 8GB. Abin dariya, lambar 3072 ta fito, amma a gurbin da ba nata ba. Babu DLSS, fasahar da ke ƙara wa wasa sauri, babu komai na RTX, don 1060 ya riga su zuwa duniya. Yaran nan suna tsaye suna kallona, ɗaya ya ce, "Yaya, ya ba ka kunna ba?" Na ce su fita.

Na kira lambar, a kashe. A'a, da farko ta shiga, ya ɗauka, ya ce yana kan hanyar Zariya, direba ne ban sa daidai ba, in jira ya dawo da yamma ya gyara mini. Har dariya ya yi, ya ce, "Oga kwantar da hankalinka." Da yamma ne ta koma a kashe. Hotonsa ya ɓace a WhatsApp, tallar ta ɓace a Facebook, shafin ma gaba ɗaya babu shi. Allah ya sa tun ranar ciniki na ɗauki hoton tallar don in nuna wa abokina, yana nan.

Shagon kuwa ba nasa ba ne. Da na koma, wani dattijo mai gyaran waya na tarar, ya ce shi bai san shi ba sai a 'yan kwanakin nan, ya zo ya roƙi a ba shi gefen tebur da soket yana biyan kuɗin wuni, wai kafin a gama gyaran nasa shagon. Ya kwashe kwamfutarsa tun daren ranar. Dattijon ya riƙe baki, ya ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, jiya ma wani ya zo nemansa daga Barnawa." Ban ga laifin dattijon ba, shi ma amana ya bayar. Amma ina nan tsaye a gefen teburin da aka nuna mini 8.0, ina kallon soket ɗin, kamar in fasa ihu.

Abokina mai gyara ya kwance katin a gabana. Rigar waje sabuwa fil, fankoki sababbi, har ledar kariya ba a ɓare ba. Yana cire sukurori huɗun baya, sai ga allon ciki ya yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda zafi, gefen ƙwayoyin ma'adana duk maiƙo, ƙura ta daskare a lungunan da burushi bai kai ba. Man da ke kan cif ɗin ne kaɗai sabo, an lafta shi da yawa. Ya goge da auduga, rubutu ya fito: GP106. Ya ce a ganinsa irin katunan da suka sha haƙar kirifto ne tun zamanin 2017, dare da rana ba hutu. Sunan da na gani a shago kuwa, ya ce wannan aikin minti kaɗan ne, ana canja sunan da Windows ke nunawa a cikin fayil ɗin direba, kuma a kan kwamfutar da aka yi wa haka kawai yake fitowa. Shi ya sa ya nace a gwada a tasa. Na tambaye shi nawa katin zai yi in an sayar. Ya yi shiru, ya ce in bar maganar. Na ce ya faɗa. Abin da ya faɗa ko bashin yayata ba lallai ya biya ba.

Yayata ba ta sani ba har yanzu. Ta kira ta ce, "Ƙanina, injin naka ya iso?" Na ce ya iso. Me zan ce mata? 420,000. Bidiyon biki nawa zan zauna in yanka cikin zafin nan kafin in mayar da 420,000?

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na je banki na cika takarda, na ba su lambar asusun da shaidar tiransifa, ana kan bi. Lambar wayarsa da sunan asusun an ce kada in watsa tukuna don kada ya ƙara nisa, shi ya sa ba ku gan su a nan ba, ba don ina rufa masa asiri ba. Rana dubu ta ɓarawo ce. In kana karanta wannan, kai da ka ce haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne, ka bar mini kwali ka tafi alwala, Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba.

Mai son sayen kati: je da taka kwamfutar, ko ka sa GPU-Z a filashi ka tafi da shi, ka duba sunan cif da girman ma'adana. Lambar jikin kati ta dace da ta kwali. Sunan asusu ya dace da mai kaya. Ka tambayi maƙwabta ko shagon nasa ne. Ya ƙi ɗaya, juya ka tafi.

Wanda ya zo daga Barnawa, da duk wanda wani dogo, mai ɗan gemu, mai yawan cewa "Oga" ya sayar wa 4060 ko 3060 a 'yan watannin nan, ya buɗe GPU-Z yau ɗin nan ya duba, sannan ya neme ni ta saƙo mu haɗa ƙara. Hotunan hira, rasit, tallar da cikin katin duk zan ɗora su da daddare in an kawo wuta, wayata saura kashi 9.