Dokki ko Madinat Nasr, ga mai aiki ta intanet a Alƙahira

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin Dokki da Madinat Nasr da ka tambaya, tunda kamfaninka yana Legas kuma a kwamfuta kake wuni, ka kama gida a Dokki. Na san mutanenmu da yawa za su ce maka Madinat Nasr saboda nan 'yan gida suke. Amma yawancinsu ɗaliban Azhar ne, makaranta ce ta ajiye su a can, kai kuwa ba lacca za ka riƙa zuwa ba.

A Dokki nake zaune, bayan titin Tahrir, kusa da Midan Misaha. Abin da ya riƙe ni shi ne metro, jirgin ƙasan cikin gari. Layi na 2 ya ratsa unguwar, daga tashar Dokki sai Opera sai Sadat, ka fito tsakiyar gari ke nan. In Abbasiyya za ka, ofishin fasfo inda ake yin iƙama, wato izinin zama, tun da aka ɗauke shi daga ginin gwamnati na Mugamma a dandalin Tahrir a 2019, sai ka sauka a Ataba ka hau layi na 3. Babu ruwanka da gosulon gadar 6 Oktoba. In da iyali ka zo, akwai taragun mata zalla a kowane jirgi, maiɗakina ita kaɗai take fita harkokinta hankalina kwance.

Ga wata dabara da za ta yi maka amfani. A Masar Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi kowa yana ofis. Kai kuma Lahadi ce ranar hutunka, to duk wata hidimar takardu ko banki ka bar ta sai ranar. Sannan agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 1, a lokacin zafi ya zama awa 2, tun da suka dawo da sauya agogo a 2023. In ofishinku ya tashi ƙarfe 5, nan ƙarfe 6 ne ko 7, daidai lokacin da gari yake fara farkawa. Ka sauko ƙasa ka tarar da komai a buɗe har bayan sha biyun dare: mai ful da ɗa'amiyya, mai koshari, kantin magani, mai guga, gidan shayi da za ka zauna da kwamfutarka ba mai ce maka tashi. Kayan miya kuwa kasuwar Sulaiman Gohar tana nan, da ƙafa ake zuwa.

Mai gadin benenmu, bawwab kamar yadda ake ce musu, dattijo ne mutumin Aswan. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, ga aikin da dole in miƙa. Da ya ga safiya ta wuce ban sauko ba, ya hawo ya buga ƙofa. Shi ya kira kantin magani suka aiko yaro a keke, matarsa ta dafo miyar adas, ya koya min zura kwando da igiya ta baranda in mai burodi ya zo. Da layin intanet ya ɗauke a wannan makon, shi ya tsaya kan mai gyara har aka haɗa. Abin da ake ba shi duk wata bai taka kara ya karya ba, amma kada ka kuskura ka yi masa ƙwauro, domin ruwa da lif da shara duk a hannunsa suke.

Ba zan ɓoye maka ba, Dokki akwai hayaniya. Hon ba ya tsayawa, gine-ginen tsofaffi ne, wani lif ɗin sai ka yi bismilla kafin ka shiga. Ka nemi ɗakin da tagarsa take kallon baya ko lungu, daga hawa na huɗu zuwa sama, in ba haka ba duk taron da za ku yi ta Zoom abokan aikinka za su ɗauka a tasha kake.

Madinat Nasr fa? Gidajenta sun fi faɗi, a Hayyul Ashir haya ta fi sauƙi, kuma za ka samu wanda za ku yi Hausa ku ci tuwo. City Stars da titin Abbas Aƙƙad ma suna can in kana son kantuna. Iyakarta ke nan a wurina. Metro a bakin unguwar ya tsaya, wajen tashar Istad, sauran tafiya yawanci sai ƙananan bas ko Uber, ga tituna dogaye da ba a gama su da ƙafa. Zumunci ka je ranar Juma'a ka yi ka dawo. Busasshiyar kuɓewa da zoɓo kuwa shagunan 'yan Sudan na Ardul Liwa da Faisal suna da su, kuma sun fi kusa da Dokki.

Ba ka tambaya ba, amma maganar dillalai ta fi zaɓen unguwa muhimmanci. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo, aka kuma saki fam, kuɗin Masar, a Maris na 2024 dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, haya ta yi tsalle, 'yan damfara suka samu kasuwa. Za a turo maka hoton gida mai kyau a Facebook a ce ka tura kafin alƙalami ta waya kada wani ya riga ka. Kada ka tura ko sisi sai ka shiga gidan da ƙafarka. Wani kuma ɗan haya ne zai fito maka a matsayin mai gida, don haka ka ga katin shaidarsa, sunan ya yi daidai da na takardar gidan. A rubuta yarjejeniya, a sa kuɗin ajiya a ciki da adadinsa, mai gidan kuma ya yarda ku je Shahrul Aƙari, ofishin gwamnati na rajistar takardu, a buga mata hatimi, domin za a nema wajen iƙama. Wanda ya fara kame-kame a nan, ka tafi abinka. Abin takaici, cikin masu wannan harka har da namu, ya karɓe ka da Hausa mai daɗi ya ɗora nasa kason a kan na dillali.

Ƙaryar da ta fi shafarka ita ce "akwai intanet". Intanet na gida a nan yawanci ta layin tarho yake zuwa, kuma ana sayar da shi ne da adadin giga, in ya ƙare gudu ya faɗi. Ka sa a kunna a gabanka ka gwada gudunsa, ka tabbatar ba bashi a kan layin, ka duba mitar wuta ta kati ce ko ta bil. Ka riƙe layin waya na biyu daga wani kamfani dabam, ka kuma sayi ƙaramin batirin da zai riƙe rauta, na'urar intanet ɗin gida, don a zafin 2023 da 2024 an yi ta ɗauke wuta bisa jadawali, kuma a benen Alƙahira ba inda za ka ajiye janareta.

In ka sauka, ka kama ɗaki mai kaya na wata ɗaya tukuna, ka zaga tsakanin Misaha da titin Musaddaƙ da yamma kana tambayar masu gadi. Su suke fara sanin gidan da za a tashi.