Kafin ka sayi ChessBase

Assalamu alaikum Bashir. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Ka ce in sayo maka ChessBase, manhajar nazarin wasan ces (chess), tunda a nan Hamburg ake yin ta. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

A Jamus har yanzu akwai dattawan da suka fara ces ta wasiƙa tun zamanin kati: ka rubuta motsinka, ka manna kan sarki, ka zauna jira. Kan sarkin santi 95 ne yanzu, kuma galibi cikin kwana uku saƙo ya isa. Amma yawancinsu sun koma shafin ICCF, ƙungiyar ces ta wasiƙa ta duniya da aka kafa a 1951, inda akan ba mutum kwana 50 ya yi motsi goma. An halatta kwamfuta a can, shi ya sa wasan manya kusan kullum canjaras ne.

Wani dattijo maƙwabcina ya nuna mini nasa. Ya buɗe da salon Sifaniya, abokin karawarsa ya tare shi da kariyar Balin, wadda Kramnik ya toshe wa Kasparov hanya da ita a karawarsu ta kambun duniya a Landan a 2000, har aka gama Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba. A motsi na takwas an yi musayar sarauniyoyi, baƙin sarki ya tsaya a d8 kamar ba shi da mafaka, amma ba ta inda za a kama shi. Dattijon yakan bar kwamfuta a kunne har asuba, da safe ya leƙa da kofin shayi a hannu, ta nuna masa 0.00, wato ba wanda ke da rinjaye.

To injin da yake amfani da shi, wato manhajar da ke lissafa masa motsi, Stockfish, kyauta ne, kai ma wayarka za ta ɗauka. Lichess, shafin buga ces a intanet, shi ma kyauta, akwai wasan da ake ba ka har kwana 14 kan motsi ɗaya. Duba kundin salon buɗe wasa ya halatta a can, injin kuwa haramun ne, ni kam na fi son haka.

Abin da Jamusawa suka fi mu da shi wutar lantarki ce. Tsada gare ta sosai, amma ba ta ɗaukewa. Saboda haka ka zuba kuɗin a sola da batir mai kyau. Allon ces kuma kada ka yi marmarin na nan, aikin hannu a Turai sai mai hali. Kafinta a Birnin Kebbi zai yi maka wanda ya fi shi.

Ka buɗe asusu a Lichess ka turo mini sunan. Ni ne fari, kuma e4 zan taka. A gaida su Yaya Hajara.