Na ja Corolla a kan tirela da Highlander ɗina daga Pittsburgh zuwa Baltimore, ga yadda ta kasance

Salam 'yan uwa. Tunda na yi tafiyar nan mutum uku suka tambaye ni wai jif matsakaiciya irin Highlander zata iya jan tirelar ɗaukar mota da mota a kai kuwa, to bari in faɗi abin da na gani da idona dan na san akwai 'yan uwanmu da yawa a nan Amurka masu sayen motocin gwanjo suna turawa gida, kuma kowa so yake ya rage kuɗin ɗauko mota zuwa bakin ruwa.

Motata Toyota Highlander ce ta 2012, mai fulogi shida, injin lita 3.5, tayoyi huɗu duk suna ja. Yayana na Kano ne ya sa na sayo masa Corolla 2010 a wajen gwanjo kusa da Pittsburgh, ni kuma a Maryland nake, tafiyar ta kai wajen mil 250 zuwa Baltimore inda ake lodin motoci a jirgin ruwa. Kuɗin da masu ɗauko mota suka yanka min sai naga ya yi yawa, nace toh ai ina da jif, bari in yi hayar tirela in ɗauko da kaina. Ɗan yayata da yake karatu a nan na ɗauka ya raka ni.

Abu na farko da nake so kowa ya gane, Highlander ba duka suke ɗaya ba ko da shekararsu ɗaya injinsu ɗaya. Mai fulogi shida ta wannan zubin idan bata zo da kayan ja na kamfani ba, fam 2,000 kawai aka yarda ta ja, wajen kilo 900 kenan, tirelar kaɗai babu komai a kanta ta wuce haka. Wadda ta zo da kayan ita ce ke jan fam 5,000, kilo 2,268. Kuma kayan nan ba ƙarfen bayan nan bane da ake maƙala tirela, shi wannan kowa zai iya zuwa a ɗaura masa. Abubuwan suna cikin gaba ne, babban lagireto, abin sanyaya baƙin mai, ƙarin abin sanyaya man giya, fanka mai ƙarfi da alteneta mafi girma. Ni sai da na kai wa makanike ya buɗe gaba ya nuna min nawa da yatsa sannan hankalina ya kwanta, dan in man giya ya dahu a kan hawa giyabos ɗin ne zai tafi, kuma kuɗinsa ya fi kuɗin janwe sau nawa.

Sai lissafi. Tirelar hayar mai taya huɗu ce, nauyinta ita kaɗai wajen fam 2,200. Corolla kuma wajen 2,750. In ka haɗa 4,950 kenan, wato saura fam 50 kacal in taɓa iyaka. A lokacin sai naji daɗi nace ai ban wuce ba. Yanzu da na yi tafiyar ina ganin abin daban, dan wannan 5,000 ɗin ƙarshen abin da aka yarda ne, ba inda ya kamata mutum ya zauna yana tafiyar awa biyar a cikin duwatsu ba. Camry ma da ita ce, ta haura fam 3,000 nesa, lissafin ya fashe tun kafin a tada mota.

Zuwa lafiya lau, tirela ba kaya sai dai ƙara da tsalle in an shiga rami. Muka ɗora Corolla, gabanta a gaba yadda inji zai zauna kusa da bakin tirelar, muka ɗaure tayoyin gaba da igiyoyin nan masu ƙugiya, muka saka sarƙa gaba da baya. Nan take bayan Highlander ya zauna, ana gani da ido, dan wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirela a kan ƙarfen bayan yake sauka, kusan fam 500 kenan kamar ka zaunar da ƙarti uku a kan bamba. Kuskuren da na yi shi ne na sayi tayoyi huɗu da ƙarafunansu a wajen wani a can saboda motar maiɗakina, sai muka zuba biyu a but ɗin Corolla biyu a kujerar baya, ban ma kawo su cikin lissafi ba.

Wajen ja kam gaskiya motar ta burge ni. Injin nan mai doki 270 baya jin tsoron kaya, ta tashi daga tsaye ba tare da wani kuka ba, a kan hawa na maida giya gefen S, inda mutum ke zaɓar giya da hannu, na barta a 4 wani lokaci 3, gejin zafi bai motsa daga inda ya saba ba har muka iso. Da ace tambayar ita ce zata iya ja, da amsar eh ce shikenan. Amma ja shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Bayan mun bar garin Breezewood na Pennsylvania mun hau babbar hanyar I-70, akwai wata gangara mai ɗan tsawo, ni kuma na saki jiki gudu ya kai wajen mil 65 a awa alhali a jikin tirelar ƙarara an rubuta 55. Wata babbar mota ta zo ta wuce mu ta hagu, iskarta ta bugi tirelar, kawai sai naji bayan motar ya fara kaɗawa, hagu dama hagu dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, sitiyari yayi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba basa taɓa ƙasa sosai. A madubi ina ganin Corolla tana leƙowa ta nan ta leƙo ta can. Yaron nan ya riƙe ƙofa yana cewa Kawu taka birki, Kawu taka birki, ni kuma innalillahi kawai nake maimaitawa. Allah ya taimake ni na tuna abin da wani dattijo direban babbar mota ya taɓa faɗa min, cewa in tirela ta fara rawa kar ka danna birki da ƙarfi kuma kar ka bi ta da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur kawai ka riƙe sitiyari a miƙe. Haka na yi. Gudun na sauka rawar na raguwa har ta tsaya. Duka abin bai fi daƙiƙa goma ba amma wallahi da muka tsaya a gidan mai ƙafata rawa take.

A nan na zauna na fahimci abin da ya faru. Highlander ɗin kanta bata fi fam 4,300 da wani abu ba, abin da ke bayanta ya fi ta nauyi, kuma tsakanin tayar gaba da ta baya ba shi da tsawo kamar na manyan a-kori-kura, so in tirela ta ture ta ta baya ba ta da jikin da zata danne. Ga tayoyin nan da na zuba a bayan Corolla sun ja nauyi zuwa ƙarshen tirela, wanda shi ne babban abin da ke kawo rawar. Muka hau sikelin manyan motoci da ke gidan man, ya nuna tirelar da kayanta sun ɗan haura 5,000. Muka kwashe tayoyin muka maida su cikin Highlander, muka kwantar da kujerun tsakiya muka tura su can gaba. Shi ma sai da na duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba wadda ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar zata ɗauka, dan wancan fam 500 na bakin tirela a cikinsa ake cirewa, da mu biyu da tayoyin muka tsaya dab da iyaka. Da iyali na ɗauko a motar da tuni mun wuce.

Daga nan ban ƙara haura 55 ba, hannun dama na zauna kowa ya wuce ni. Gangaren South Mountain tsakanin Hagerstown da Frederick da giya 3 na sauko ina taɓa birki kaɗan kaɗan, bata ƙara rawa ba ko sau ɗaya.

Maganar birki, tirelar tana da nata irin wanda ke kamawa da kansa in ta turo motar gaba, kuma yana aiki, sai dai akwai ɗan jinkiri, zaka fara jin an tura ka tukunna sannan ya kama. Tazarar tsayawa ta ƙaru sosai, a wata danja kusa da Baltimore na fara birki tun daga nesa amma duk da haka sai da na kusa layi. Littafin motar ma cewa yayi duk tirelar da ta wuce fam 1,000 dole ta zama mai birki. Wanda zai ja mota a kan tirela marar birki da irin wannan jif ɗin, ina roƙonsa dan Allah ya bari. Wannan har 'yan uwa na gida nake nufi da ke samun Highlander 'yar Kwatano da ƙarfen ja a bayanta su ɗauka komai zata ja, ku tuna gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, nauyin da ya fi motarka yana turo ka a wajen ba abin gwaji bane.

Mai kuma ta sha kusan ninki biyu na yadda ta saba a dawowa, kuɗin hanya na Pennsylvania ya ƙaru saboda tirelar, ga kuɗin haya da inshorar da na ƙara, ga yini guda cur da gajiya. Da na zauna na haɗa, abin da na rage a kan kuɗin masu ɗauko mota bai taka kara ya karya ba.

Motar ban ga laifinta ba, ta yi abin da aka ce zata yi har da ɗan ƙari, kuma ƙaramar tirela ta kayan gida ko ƙaramar mota a gari kusa a hanya shimfiɗaɗɗiya zan sake ja da ita gobe ma. Amma mota a kan tirela a tafiya mai nisa cikin duwatsu, ni dai na gama. Corolla ta shiga jirgi, Yaya har ya kira yana cewa in duba masa Sienna a gwanjon wata mai zuwa, nace masa toh Yaya amma ita kam sai dai a saka kuɗin masu ɗaukowa a cikin lissafi tun yanzu, dan nauyinta kaɗai ya haura fam 4,000.