Dattijon da ya ƙirga haƙoran filawil ɗina a Suame Magazine

Motata tsohuwar Benz 1113 ce mai gajeren hanci, injinta OM352, kuma shekara 11 ke nan da ita nake ɗauko albasa daga Bawku zuwa Kumasi a ƙasar Ghana. A damina da ta wuce, mun gota Kintampo kaɗan da buhu 60 a baya, na ji wata ƙara daga ƙasan inji kamar an sake guduma a cikin tukunya. Na kashe mota nan take. Karanshaf ne ya karye, wato doguwar sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji. Kwana biyu muka yi a bakin hanya ni da yaron motata kafin a sauya wa albasar mota, wadda ruwa ya taɓa kuwa ta tafi a asara.

Da aka jawo motar zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, wani maƙwabcina direba a Aboabo ya ce kada in kai ta ko'ina sai wurin wani dattijo, Bahaushe haifaffen Zango, wanda tun yana yaro injin Benz yake buɗewa. Garejin ba shi da allo, rumfar kwano ce da sarƙar ɗaga inji da yara huɗu masu koyon aiki. Wannan wurin nake son in ba 'yan'uwana masu tsofaffin motoci labarinsa, da abin da ya yi mini daɗi da wanda bai yi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai tambaye ni karanshaf nawa zan iya saya ba. Ya sa aka sauke injin, ya ɗauki guntayen biyu ya wanke da kananzir, ya kai su hasken rana. Karayar can baya take kusa da filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a bayan karanshaf, kuma a karkace ta tafi, kamar yadda rake ke tsagewa idan an murɗa shi. A fuskar ƙarfen akwai layuka a jere kamar sawun ruwa a kan yashi, sai ɗan gefe guda mai kaushi inda ya ƙarasa ɓallewa. Ya ce, “Ɗana, wannan ya daɗe yana tsagewa. Je ka ɗauko mini pulin gaba.”

Pulin nan da fambel ke hawa, wanda wasu ke kira damfa, ƙarfe biyu ne: cibiya da ke ɗaure a hancin karanshaf, da zobe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Nawa kuwa walda ce ta haɗa su. Wata takwas kafin nan robar ta farfashe, pulin ya riƙa layi yana jefar da fambel, wani makanike a hanya ya ɗiga masa walda a wuri huɗu, na biya shi ina godiya domin layin ya tsaya. Baba ya dafa waldar da yatsa ya ce nan aka kashe karanshaf ɗin.

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani, kuma bayanin nan shi kaɗai ya isa a je wurinsa. Inji mai fistin shida yana buga wuta sau uku a kowane juyi. Idan yana juyi 2,000 a minti, bugu 100 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma bugun dizal ya fi na fetur nauyi nesa ba kusa ba. Kowane bugu yana ɗan murɗa karanshaf, ƙarfen ya dawo, wani bugun ya sake murɗa shi. Filawil yana riƙe da baya da nauyinsa, gaba kuma a sake yake, ga shi karanshaf ɗin fistin shida dogo ne. Akwai wani juyin da idan inji ya kai, bugun yakan zo daidai da rawar ƙarfen, sai murɗar ta riƙa ƙaruwa. Zoben nan na waje shi ke jan baya, robar ta shanye rawar ta mayar da ita zafi. Idan aka yi musu walda, sun zama dunƙulen ƙarfe kawai. Sai a lokacin na tuna wani gurnani da sitiyari ke yi mini a hawan tudu, da baƙin mai da ya riƙa tsatsa ta gaba ko da na sauya oyilsil sau biyu.

Muka samu rabin inji na hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai lafiyayyen karanshaf a cikin Magazine, da filawil ɗinsa a jiki. Mai sayarwa ya ce OM352 duk ɗaya ne, in ɗaura in tafi. Ni ma hankalina ya kwanta da haka, saboda nawa filawil ɗin ya yi shuɗi-shuɗi da zafin kuloci. Baba ya ce a'a, kama da wane ba ta wane. Kamfanin Benz ya fara fitar da wannan inji a 1964, mai lita 5.7, ya sa shi a manyan motoci da bas-bas da Unimog da tarakta, wasu kuma suka ɗaura shi a janareto da jirgin ruwa, har kamfanin Tata na Indiya ya ƙera irinsa da izini. Gangar jikin ɗaya ce, amma filawil yana bin aikin da aka yi injin dominsa.

Ya shimfiɗa filawil ɗin biyu a kan katako, ya ba yaro alli, ya ce ya ƙirga haƙoran zoben da kik, wato sitata mai tayar da inji, ke kamawa, yana ɗiga alama kowane goma. Aka ƙirga sau biyu, lissafin bai zo ɗaya ba. Ramukan da ke zaunar da shi a kan karanshaf sun dace sarai, amma ramukan ɗaurin kuloci sun fi nawa faɗi, zurfin fuskar ma ya bambanta. Da an ɗaura shi, da kik ɗina ya riƙa cin haƙora, kulocin kuma sai an yi masa dabara. Sai ya kai tsohon nawa wurin masu injin gyaran fuska, aka duba tsagar ba ta yi zurfi ba, aka share shi kaɗan. Ya sa sabon boris ɗin tsakiya da sababbin kusoshi, ya ɗaure da sifana mai awo, sannan ya ɗora agogon awo ya juya injin da hannu yana kallon allura.

Ya kuma gaya mini cewa mu masu fistin shida a jere muna da sauƙi, domin injinmu ya daidaita kansa daga ciki, filawil da damfarsa ba su da wani nauyi a gefe guda. Wasu injinan V8 na Amurka, irin 6.9 da 7.3 na International da ke cikin tsofaffin Ford, an ɗora musu wani ɓangare na nauyin da ke daidaita injin a jikin filawil da damfa. A irin waɗannan, ka sa na wani inji, mota za ta riƙa karkarwa tun tana silo har ta cinye mital, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai.

Damfar da ta zo da rabin injin bai yarda da ita ba shi ma, robarta ta kumbura ta leƙo waje. Kwana shida muka yi muna neman wadda lambarta ta dace, har sai da aka aiko da ita daga Abossey Okai a Accra. Da ta zo bai bari guduma ta taɓa ta ba. Bayan ya ɗaure, ya ja layin farin fenti daga cibiya zuwa zobe, ya ce in riƙa dubawa duk ranar da na sauya baƙin mai, in layin ya rabu to zoben ya fara zamewa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. Kwana 19 motata ta yi a wurin, albasa na tashi a kasuwa ina zaune. Baba ba ya ɗaukar waya idan hannunsa na cikin inji, sai ka tako da ƙafarka. Ba ya ba da rasit, duk lissafi a wani tsohon littafi yake, don haka ka riƙe naka rubutun, in ka biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ka ajiye saƙon. Kuɗin aikinsa ya fi na maƙwabtansa, ba ya ragi, kuma in an yi ruwa hanyar rumfar taɓo ce har idon sawu. Ɗaya daga cikin yaran ya bar mini tiyon lagireto a sake, Allah ya sa na gani kafin in bar Suame. Na faɗa, Baba ya ba ni haƙuri ya ɗaure da kansa.

Mai motar da ke hanzarin komawa hanya gobe, wannan gareji ba zai yi masa ba. Ni dai duk aikin da ya shafi cikin inji can zan kai. Zuwa yanzu na yi sawu 14 zuwa Bawku, gurnanin nan na hawan tudu ya ɓace, gaban injin a bushe yake. Jiya da safe na durƙusa da tocila na duba, layin fentin yana nan a miƙe.