Ra'ayina kan manhajar Blue Letter Bible

Gaskiya duk mai koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki ko ajin Sunday skul ya kamata ya sauke manhajar nan a wayarsa, kyauta ce kuma ba sai ka je makarantar tauhidi ba kafin ka amfana. Ni Zabura 121 aka ba ni in koyar a ƙungiyar matasa, shi ne wani ɗan'uwa ya ce in gwada ta.

Yadda take aiki, kana taɓa aya ta Tsohon Alkawari sai ta jero maka kalmomin Ibrananci na asalin ayar ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta ta Strong (tsarin James Strong ne na ba kowace kalmar asali lambarta, tun 1890 ake amfani da shi), har ma za ka ji yadda ake furtawa. Nan na ci karo da shamar, lamba H8104, ashe a ayoyi 8 kacal na zaburar nan sau 6 ta fito, wato tsaro irin na mai gadi wanda ba ya gyangyaɗi balle barci, shomer ake ce masa. Da na danna jerin sauran wuraren da kalmar ta fito, sama da 400 fa, sai da na gyara zama. Ita ce a Farawa 2:15 inda aka sa Adamu ya lura da gonar Aidan, ita ce a bakin Kayinu lokacin da yake musun cewa shi mai tsaron ɗan'uwansa ne, ita ce kuma a albarkar nan ta Ƙidaya 6:24 da fastoci ke rufe sujada da ita. Abin da ya fi kama ni, da ita aka umarci Isra'ilawa su kiyaye ranar Asabar a Maimaitawar Shari'a 5:12, kenan kalma ɗaya ce Allah ya tsare ka, kai ma ka tsare maganarsa. Mu ma haka muke yi ai, Allah ya kiyaye hanya muke ce wa matafiyi, mu ce kuma a kiyaye doka, shi ya sa matasan suka gane nan take.

Bayanin ƙamus ɗin da ke cikin manhajar dai da Turanci yake, to ni nakan buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefe ina kwatantawa. Shawarata kar mutum ya kwashe duk ma'anonin da ke ƙamus ya jibga wa aya ɗaya, ya karanta babin gaba ɗaya tukuna kafin ya hau bagade da ita.