Ina Ya Kamata Mai Neman Asalin Gidansu Ya Fara Kashe Kuɗinsa?

Duk wanda ya ɗaura aniyar binciko tarihin kakanninsa a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa zai tarar da hanyoyi da dama, kowacce da kuɗinta: ɗaukar muryar dattawa, neman mai karanta tsofaffin takardun gida, tafiya Kaduna, ko sayen gwajin ƙwayoyin halitta da ake talla a intanet. Da yake aljihun yawancinmu ba zai ɗauke su gaba ɗaya ba, abin tambaya shi ne wacce za a gabatar. Ni a ganina kuɗin farko na bakin tsofaffi ne, domin takarda tana iya jiran baɗi, amma goggon da ta haura tamanin babu mai tabbacin za ta ga wata kakar.

A wajen ɗaukar murya zaɓi biyu ne, wayar hannu ko ƙaramar rikoda. Waya ta fi sauƙi tunda tana aljihu, kuma sa'a guda ta magana a tsarin MP3 ba ta cika wuce megabait 60 ba. Aibinta shi ne kira yana katse hira, caji yana ƙarewa a garin da sai an kai shagon mai sola, kuma ranar da ta lalace tana iya tafiya da komai. Na ɗanɗana wannan: hirar yini biyu da ƙanin kakana a ƙasar Birnin Kudu ta salwanta a hannun wani mai gyara da ya wanke wayar, kuma kafin in koma Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Rikoda mai aiki da batir ta fi aminci, amma ga mai ƙaramin ƙarfi na fi ba da shawarar ya riƙe wayarsa, ya sayi ɗan makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga da katin ajiya biyu, ya kwafe kowace hira a daren da aka yi ta. Makirfon shi ke raba muryar tsohuwa da amon turmi da kukan awaki a tsakar gida.

Na'ura kuwa ba ta buɗe baki. A ware kuɗin goro da sabulu da na mota, domin zuwa ɗaya ba ya isa. A kuma tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai dai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". Shi ya sa jika, wanda akwai wasa tsakaninsa da ita, ya fi ɗa samun labari. Idan ya ce, "Iya, yau sai kin faɗa mini inda tsohon nan ya fara ganinki," dariya za ta yi, ta ɗauko zance tun daga tushe. Kada a tambaye ta shekara, a tambaye ta abin da ya faru a lokacin. Idan ta ce an haifi mahaifinta shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903 ke nan. Faɗan Haɗeja da Turawa 1906 ne. Yunwar Kakalaba tsakanin 1913 da 1914. Zuwan Sarauniyar Ingila Kano 1956. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Maroƙin gida ma yana da amfani, don kirarinsa yana riƙe jerin sunaye, sai dai a san cewa yabo ne sana'arsa, ba zai ambaci kakan da bashi ya kora daga gari ba.

Takardun gida su ne na biyu a wurina, kuma sun fi kowace hanya arha. A cikin gafakar Alƙur'anin kaka, ko a ƙasan adakar da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, akan sami ranar haihuwa da ajami a gefen warƙa, da takardar rabon gado ko ta cinikin gona mai hatimin alƙali, har da rasiɗin haraji da jangali. Abin da za a biya shi ne ɗawainiyar malamin da ya iya tsohon rubutu, kuma malamin zaure da ya saba da rubutun allo ya kan fi wanda ya yi Larabcin boko iya warware shi. A ɗauki hoto a inuwa, a mayar da takardar ga mai ita nan take, domin fita da takardar gona daga gida ya sha haddasa gaba tsakanin 'yan uwa. Kada kuma a like ta cikin roba mai zafi. Ambulan mai kauri da akwatin ƙarfe da gara ba ta ci sun wadatar.

Tafiya Kaduna ta fi tsada, ga kuɗin mota ga masauki ga kwanaki. A can ne Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa take riƙe da fayilolin tsohon Lardin Kano, ga kuma Arewa House, cibiyar adana tarihi da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Mutumin Jigawa ya lura cewa jiharsa a 1991 aka ƙirƙiro ta, saboda haka takardun Dutse da Ringim da Birnin Kudu a ƙarƙashin masarautar Kano zai neme su, na Haɗeja da Gumel da Kazaure kuma da sunan masarautunsu a cikin lardin. Sai dai rahotannin Turawa sun fi damuwa da hakimai da dagatai da kuɗin haraji. Wanda kakansa ya riƙe sarauta ko alƙalanci yana iya cin riba, amma jikan manomi ko maƙeri galibi tarihin garinsu zai samo, ba sunan kakansa ba. Kafin a yi nisa, a fara leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Gwajin ƙwayoyin halitta shi na ajiye a ƙarshe. Ana tofa yawu a ɗan bututu a aika ƙasar waje, kamfani irin AncestryDNA ya karɓi kusan dala ɗari ban da kuɗin aikawa, sakamakon kuma kaso ne na yankuna, babu sunan kakan da ake nema ko na ƙauyensa. Abin da mutum ya gada daga kakan mahaifinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba a kan ƙiyasi, kuma yana raguwa da rabi a kowane hawa. Ga batun sirri: an yi wa 23andMe, wani kamfanin irin wannan gwaji, kutse a 2023, aka taɓa bayanan mutum kusan miliyan 7, sannan kamfanin ya shigar da takardar karyewa a 2025. Ga kuma batun nasaba, wanda shari'a ta ɗora a kan aure, sakamako guda kuwa yana iya jefa shakka a gidan da ke zaune lafiya. Mai dala ɗari a hannu, da ya raba ta tsakanin makirfo da goro da kuɗin mota zuwa wurin goggonninsa da aure ya kai wasu garuruwa, da ya dawo da sunayen da bututun yawu ba zai ba shi ba.